An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kolestarol, Maɗaukansa da Ƙofar Ƙwayar Jiki

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa karɓar sakamakon gwajin maiƙon jini ya san layuka huɗun da ake jerawa a takardar: jimillar kolestarol, da LDL, da HDL, da tiraigilisarid. Bayanin da ke biyo baya, a bakin ma'aikacin lafiya ko a shirin rediyo, kusan iri ɗaya ne a ko'ina cikin duniya: LDL shi ne mugun kolestarol, HDL kuwa shi ne na kirki. A Hausa akan ƙara gajarta zancen, a ce "kitse mai kyau" da "kitse mara kyau". Wannan rabe-raben ya samu gindin zama saboda sauƙin riƙewa, kuma ya taimaka wajen jawo hankalin jama'a ga cututtukan zuciya. Duk da haka, wannan maƙala tana da ra'ayin cewa lokacin ajiye shi ya yi.

Dalili kuwa shi ne kolestarol guda ɗaya ne tak. Wanda ke cikin LDL da wanda ke cikin HDL ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra. Abin da ya bambanta shi ne maɗaukin da ya ɗauko shi a cikin jini, da kuma abin da ke faruwa sa'ad da maɗaukin ya iso tantanin da ya lulluɓe ƙwayar jiki. A can ne ake yanke hukuncin ko kayan zai shiga inda ake bukatarsa, ko ya fita daga jiki, ko kuwa ya maƙale a bangon jijiya. Mai kallon kayan ya manta da maɗaukin ya faɗa cikin abin da Hausawa ke kira barin jaki ana dukan taiki. Kuskuren ya wuce na lafazi, domin an kashe kuɗi masu yawa a kansa, kuma har yau yana sa wasu kwantar da hankali inda ya kamata su tashi tsaye.

Kolestarol a cikin tantani

Jikin ɗan Adam tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, kowace kewaye da tantani siriri wanda kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba. An gina tantanin da wani nau'in maiƙo da ake kira fosfolifid, mai kai guda da ke son ruwa da wutsiya biyu da ke gudunsa. Saboda wannan ɗabi'a, fosfolifid kan jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwan ciki da na waje, wutsiyoyi kuma suna haɗuwa a tsakiya. A shekarar 1972 Singer da Nicolson suka bayyana cewa wannan gini yana da ɗabi'ar ruwa-ruwa, furotin iri-iri suna shawagi a cikinsa.

A tsakanin waɗannan wutsiyoyi ne kolestarol ke zama, kuma yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na maiƙon tantanin waje. Ƙirarsa ƙawanya huɗu ce masu tauri a manne da juna. Wanda ya san halin man shanu zai fahimci amfaninsa: da bazara man yakan narke ya tsiyaye, da hunturu kuma ya daskare ya yi tauri. Tantanin da ya yi ɗaya daga cikin biyun nan ba zai rayu ba. Kolestarol yana hana wutsiyoyin yawan motsi idan da zafi, yana kuma hana su cunkushewa idan da sanyi, sannan yana rage yoyon tantanin. Bugu da ƙari, daga gare shi jiki ke ƙera ruwan madaciya, da bitamin D, da homon irin su kotisol da istirojin da testosteron. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na dukkan kolestarol ɗin jiki, kuma ita ke ƙera abinta da kanta.

Abin lura a nan shi ne kalmar "kitse" ba ta dace da shi ba. Kitse na ainihi, wato tiraigilisarid, makamashi ne da jiki ke ƙonawa idan ya bukata. Kolestarol kuwa jiki ba ya iya fasa ƙawanyoyinsa ya ƙona su. Babbar hanyar fitarsa ita ce hanta, wadda ke zuba shi cikin ruwan madaciya zuwa hanji. Hasali ma daga nan sunansa ya samo asali, domin a duwatsun madaciya aka fara samun sa, kuma masanin Faransa Chevreul ya raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ruwan madaciya da abu mai tauri. Saboda haka siririn mutum mara teɓa yana iya kasancewa da hauhawar kolestarol, mai ƙiba kuma nasa ya kasance daidai.

Maɗauka a cikin jini

Maiƙo ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa galibinsa ruwa ne. Jiki ya warware wannan matsala ta hanyar dunƙule maiƙon cikin ƙananan ƙunsoshi da ake kira lipofurotin. Kowane ƙunshi yana da ciki da aka cika da kitse da kolestarol ɗin ajiya, da ɓawo na fosfolifid sahu ɗaya, da furotin a samansa wanda ke aiki tamkar adireshi a bayan ambulan. A shekarar 1950 John Gofman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi amfani da na'urar wujijjigawa mai tsananin gudu ya rarraba waɗannan ƙunsoshi gwargwadon nauyinsu. Masu yawan maiƙo sukan taso sama, masu yawan furotin kuma su yi ƙasa. Sunayen LDL da HDL daga nan suka fito: na farko mai sauƙin nauyi, na biyu mai yawan nauyi. Ma'aunin nauyi ne kawai, babu batun hali a cikinsa.

Hanta tana fitar da babban ƙunshi mai suna VLDL maƙare da kitse. Yayin da yake zagayawa, wani enzayim da ke jikin ƙananan hanyoyin jini yana sauke kitsen ga tsoka da ma'ajiyar kitse. Ƙunshin yana ta ƙanƙancewa har ya koma LDL, mai faɗin kimanin nanomita 22, ɗauke da ƙwayoyin kolestarol ɗin ajiya wajen 1,500. Kowane LDL yana da furotin guda ɗaya tak mai suna apoB, wanda ba ya rabuwa da shi tun daga fitowarsa daga hanta har ƙarshensa. HDL kuwa ƙarami ne, furotin ɗinsa apoA-I ne, kuma yakan fara rayuwa kusan wayam, sai daga baya ya tattara kaya.

Akwai wata hujja mai ƙarfi da ke nuna raunin rabe-raben mai kyau da mara kyau. A cikin jinin ɗan Adam akwai wani furotin mai suna CETP wanda aikinsa kwashe kolestarol daga HDL ya mayar cikin LDL da VLDL, ya musanya shi da kitse. Ke nan ƙwayar kolestarol da aka yaba da safe tana iya zama wadda ake zagi da yamma, alhali babu abin da ya sauya a jikinta sai abin hawa.

Ƙofar da ke jikin tantani

Tun a 1913 Nikolai Anitschkow ya nuna a birnin St Petersburg na Rasha cewa zomayen da aka ciyar da kolestarol sukan samu tarin maiƙo a bangon jijiyoyinsu. Amma yadda jiki ke sarrafa adadin da ke cikin jini bai fito fili ba sai bayan shekara 60. A 1973 da 1974 Michael Brown da Joseph Goldstein, a birnin Dallas na Amurka, suka raini ƙwayoyin fatar mutane a ɗakin gwaji. Sun lura cewa ƙwayar mai lafiya takan daina ƙera kolestarol da zarar an zuba mata LDL. Ƙwayoyin yaran da ke da cutar hauhawar kolestarol ta gado kuwa ci gaba suke yi da ƙerawa kamar ba a zuba musu komai ba. Abin da suka rasa shi ne wani furotin a jikin tantani, makarɓin LDL.

Makarɓin yana gane apoB ya kama shi. Daga nan wurin da suke a tantanin sai ya lotsa ciki ya zama 'yar jaka, ya haɗiye ƙunshin ɗungurungum. Tsamin da ke cikin jakar yana raba makarɓi da kayansa. LDL ya wuce zuwa sashen narkarwa na ƙwayar, inda ake warware shi a saki kolestarol, makarɓin kuma ya koma bakin tantani ya jira wani. Zagaye ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 10. Wannan bincike ne ya ba mutanen biyu lambar Nobel a 1985.

Ƙwayar jiki tana auna abin da take da shi. Idan kolestarol ya ragu a wani tantani na cikinta, wani furotin mai suna SREBP, wanda aka gano a 1993, yakan tashi ya isa cibiyar ƙwayar ya ba da umarni biyu: a ƙara ƙera kolestarol, a kuma ƙara yawan makarɓa. Idan ya wadata, umarnin ya tsaya, ƙofofin su ragu. Tun da hanta ce ke kwashe kusan kashi biyu cikin uku na LDL daga jini, yawan makarɓan da ke jikin ƙwayoyinta shi ne babban abin da ke tantance lambar da ke fitowa a takardar gwaji. An ga zahirin haka a birnin Pittsburgh a 1984, lokacin da aka dasa wa wata yarinya 'yar shekara 6 sabuwar zuciya da sabuwar hanta. Ta gaji cutar daga uwa da uba, LDL ɗinta ya kusa miligiram 1,000 cikin desilita, kuma zuciyarta ta riga ta lalace. Sabuwar hantar mai makarɓa ta saukar da shi da kimanin kashi 80 cikin 100.

Magungunan sitatin ma ta wannan ƙofa suke aiki. Akira Endo na Japan ya samo na farkonsu daga fumfuna a farkon shekarun 1970, bayan ya gwada dubban nau'o'i, kuma aka amince da lobasitatin a Amurka a 1987. Maganin yana takura wa enzayim ɗin da hanta ke ƙera kolestarol da shi. Hantar ta ji ƙaranci, sai ta ƙara buɗe ƙofofi ta janyo LDL daga jini. A gwajin da aka yi a ƙasashen Sikandinabiya kan masu ciwon zuciya 4,444, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994, mace-mace sun ragu da kashi 30 cikin 100.

Inda ɓarna ke aukuwa

Matsala tana farawa ne idan ƙunsoshi suka yi yawa, ƙofofi suka yi kaɗan. LDL yakan yi kwana biyu zuwa uku yana zagayawa, kuma duk daɗewarsa a jini dama ce ta ratsa siririn shimfiɗin da ya lulluɓe cikin jijiya. A ƙarƙashin shimfiɗin akwai wasu zaruruwa masu cajin lantarki kishiyar na apoB, don haka sukan riƙe ƙunshin. Williams da Tabas sun gabatar da wannan bayani na maƙalewa a 1995. Ƙunshin da ya maƙale yakan gurɓace, fararen ƙwayoyin jini masu share datti su zo su haɗiye shi. Ƙofar da suke amfani da ita dabam take da makarɓin LDL, kuma ba ta rufewa idan sun ƙoshi. Haka za su yi ta haɗiya har su kumbura su yi kama da kumfa, su mutu a wurin. Cikin shekaru tarin yana girma, ranar da ya fashe kuma jini ya daskare a kansa ya toshe hanya. Idan jijiyar zuciya ce a samu bugun zuciya, idan ta ƙwaƙwalwa ce a samu shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ke maƙalewa dai shi ne apoB. Wannan ya sa adadin ƙunsoshin ya fi nauyin kayan da suka ɗauko muhimmanci. Gwajin da aka saba yi yana auna nauyin kayan ne kawai, kuma sau da yawa LDL ɗin ma lissafo shi ake yi da wata ƙa'ida da Friedewald da abokansa suka fitar a 1972. Mutum biyu za su iya samun lamba ɗaya, amma ɗaya kayansa na kan jakuna kaɗan masu cikakken lodi, ɗayan kuma a kan jakuna da yawa masu rabin lodi. Na biyun ya fi zama cikin haɗari, kuma hakan ya fi yawa ga masu ciwon sukari da masu teɓa. Shi ya sa ƙa'idojin likitocin zuciya na Turai na 2019 suka ba da shawarar auna apoB ga irin waɗannan mutane.

Labarin HDL

Sunan kirki da HDL ya samu yana da tushe. John Glomset ya gabatar a 1968 cewa HDL yana kwaso rarar kolestarol daga sassan jiki ya mayar hanta. Binciken garin Framingham na Amurka ya nuna a 1977 cewa masu ƙarancin HDL sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Daga baya an gano ƙofofin da abin ya shafa. Ɗaya ita ce ABCA1, wadda ke tura kolestarol daga tantani zuwa kan apoA-I. An gano ta a 1999 ta hanyar nazarin wata cuta da aka fara gani a tsibirin Tangier na jihar Virginia, inda masu ita kusan ba su da HDL. Ɗayar ita ce SR-BI a jikin hanta, wadda Monty Krieger ya bayyana a 1996. Ita ba ta haɗiye ƙunshin, sauke kayan kawai take yi ta sallami maɗaukin ya koma aiki.

Daga nan aka yi tsalle zuwa ga zaton cewa ɗaga lambar HDL zai kare zuciya. Kamfanin Pfizer ya ƙera maganin torcetrapib mai toshe CETP, aka gwada shi a kan mutane fiye da 15,000. HDL ya hau da kashi 72 cikin 100. A watan Disamba na 2006 aka dakatar da gwajin. Mutum 93 ne suka mutu cikin masu shan maganin, 59 kuma cikin waɗanda ba su sha ba. Adalci ne a faɗi cewa maganin yana ɗaga hawan jini, kuma wannan na iya bayyana wani ɓangare na illar. Amma magunguna biyu da suka biyo baya, waɗanda ba su nuna irin wannan illa mai tsanani ba, su ma an watsar da su a 2012 da 2015 saboda ba su rage ciwon zuciya ba, duk da cewa na biyun ya ninka HDL fiye da sau biyu.

Ilimin gado ya ƙara tabbatar da haka. Wani babban nazari na 2012 ya gano cewa mutanen da suka gaji yawan HDL ba su fi sauran tsira daga bugun zuciya ba. A 2016 aka bayyana mutanen da ƙofar SR-BI ɗinsu ta lalace: HDL ɗinsu ya yi sama sosai, haɗarin ciwon zuciyarsu ma ya ƙaru. Dalilin a fili yake. Jakunan sun cika tashar ne saboda an rufe wurin sauke kaya, mai ƙidaya kuma yana murnar yawansu. A birnin Copenhagen an samu a 2017 cewa masu HDL mafi yawa sun fi matsakaita yawan mutuwa. Wani nazari na Amurka a 2022 kuma ya nuna ƙarancin HDL yana hasashen ciwon zuciya ga farar fata, amma bai yi haka ga baƙar fata ba, abin da ya isa ya sa a yi hattara wajen ɗauko ma'aunin Framingham a ɗora wa kowace al'umma.

Wani aikin HDL da ya shafi Afirka

HDL yana da ayyukan da ba su da alaƙa da zuciya. Ƙudan tsando ɗaya yana iya cizon makiyayi da saniyarsa, saniyar ta kamu da sammore, makiyayin bai ji komai ba. A 1978 Mary Rifkin ta nuna cewa abin da ke kashe wannan ƙwayar cuta a jinin mutum yana tafiya ne a kan HDL, kuma a 2003 masana a ƙasar Beljiyam suka gano shi: furotin mai suna APOL1. Ƙwayar cutar tana haɗiye ƙunshin a matsayin abinci. Da ya isa wurin tsami a cikinta, APOL1 yakan kutsa cikin tantaninta ya huda ƙofofi, ta kumbura ta fashe. Shanu ba su da wannan furotin. Ciwon barci da ke kama mutane kuwa nau'o'i biyu ne na ƙwayar da suka samo dabarar kauce wa wannan makami suke haddasa shi.

A 2010 aka gano wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gadon APOL1 waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma. Suna ƙara wa furotin ɗin ƙarfi a kan ɗaya daga cikin nau'o'in biyu, amma wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba yana cikin ƙarin haɗarin ciwon ƙoda. Wani nazari da aka yi a Ghana da Nijeriya kan mutane fiye da 8,000, wanda ya fito a 2024, ya tabbatar da wannan alaƙa a cikin yankin kansa. Ga maɗaukin da aka laƙaba wa kirki yana ɗauke da makami mai kaifi biyu, kuma lambar HDL a takardar gwaji ba ta faɗin komai game da shi.

Hujjojin masu saɓani

Masu kare tsohon rabe-raben suna cewa likita ba shi da lokacin karantar da mara lafiya ilimin tantani, kuma kalmomi biyu masu sauƙi sun fi dogon bayani tasiri. Suna ƙarawa da cewa ƙarancin HDL har yanzu alama ce mai amfani, domin yakan zo tare da teɓa, da ciwon sukari, da shan taba, da rashin motsa jiki. Wannan gaskiya ne. Sai dai alama dabam take da sanadi: furfura tana tafiya tare da ciwon gwiwa, rina gashi kuwa bai taɓa warkar da gwiwa ba. Sauƙaƙawar da ke sa mai LDL 190 ya koma gida da natsuwa saboda HDL ɗinsa 80 ne ta cutar da shi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda ke cewa tun da kowace ƙwayar jiki tana bukatar kolestarol, rage LDL cutarwa ce. Amsarsu tana cikin tantanin da kansa. Ƙwayoyin jiki suna iya ƙera nasu, makarɓin kuma yana da ƙarfin kamu har ƙaramin adadi ya ishe shi. Ana haihuwar jarirai da LDL ƙasa da rabin na manya, a daidai lokacin da jikinsu ya fi saurin girma. A 2003 aka gano furotin PCSK9, wanda ke kama makarɓin LDL ya kai shi wurin narkarwa don kada ya sake komawa aiki. Helen Hobbs da Jonathan Cohen sun nuna a 2006 cewa kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka da aka bibiya sun gaji sauyin da ya raunana wannan furotin. LDL ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28 cikin 100, ciwon jijiyoyin zuciya kuma ya yi ƙasa da kashi 88 cikin 100 a tsawon shekara 15. An ma samu wata mata a Dallas wadda ba ta da PCSK9 sam, LDL ɗinta 14 kacal, tana cikin ƙoshin lafiya kuma ta haihu. Ragin da ya fara tun daga haihuwa ya fi na tsakiyar rayuwa tasiri nesa ba kusa ba, domin ɓarnar tarawa take yi shekara bayan shekara.

Kammalawa

Sauya lafazi zai sauya wasu abubuwa a aikace. Na farko shi ne batun abinci. Jiki yana ƙera kusan giram ɗaya na kolestarol a kowace rana, ƙwai ɗaya kuwa yana ɗauke da kimanin miligiram 200, kuma a 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 da ta daɗe tana gindayawa a shawarwarinta na abinci. Rubutun "babu kolestarol" a jikin galan ɗin man girki gaskiya ne, amma bai faɗi abin da ya fi muhimmanci ba, domin man tsirrai dama ba shi da wani kolestarol na a-zo-a-gani. Abin tambaya shi ne yawan maiƙo mai daskarewa da ke cikinsa, tun da shi ne ke sa hanta rage makarɓanta. Kusan rabin manja irin wannan maiƙo ne, man shanu ya haura rabi, man gyaɗa kuwa kimanin kashi ɗaya cikin biyar.

Na biyu shi ne batun gado. Kimanin mutum 1 cikin 250 ya gaji makarɓa masu rauni daga ɗaya daga cikin iyayensa, kuma akasarinsu ba su sani ba. Irin wannan mutum ko ya ƙaurace wa nama da mai gaba ɗaya lambarsa ba za ta sauko yadda ake so ba, kuma ɗora masa laifin kwaɗayi zalunci ne. Gidan da aka samu uba ko kawu ya faɗi da bugun zuciya yana ɗan shekara 40 ya kamata a gwada 'yan'uwansa da 'ya'yansa, domin kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadon matsalar, magani kuma yana aiki idan an fara da wuri.

Na uku ya shafi masu fassara da masu shirya bayanan lafiya. Bayanin da ya dace bai fi tsohon tsawo ba: kolestarol kaya ne da jiki ke bukata, LDL maɗauki ne da ke maƙalewa a bangon jijiya idan ya yi yawa ya kuma daɗe, hanta ce ke kwashe shi ta ƙofofinta, yawan HDL ba ya goge haɗarin yawan LDL. Jimloli huɗu ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin ayarin jakuna a bakin kasuwa zai fahimce su ba tare da ya san kalmar apoB ba.